Tulun Da Aka Yi Wa Rubutu

A shekarar da malamin awo ya sauka a unguwarmu a Wudil, ina da shekara huɗu da aure, da goyo a baya, kuma ni nake riƙe da cikin gidanmu. Ban faɗi haka don in ci fuskar maigidana ba, Allah ya ji ƙansa. Manomi ne na gaske, amma damina ta yi masa gardama, dawar da ya samu a gonarsa ta hanyar Darki ba ta kai mu ko tsakiyar rani ba. Ni kuwa ginin tukwane na gada wurin uwata. In kwaɓa yumɓu, in gina tulu da randa da kasko, ranar Alhamis a yi gashi a bayan gari, Juma'a a kai kasuwa.

Malamin saurayi ne siriri, da kekensa da sarƙar auna gona da sikeli. Kafin ya gama gaisawa da mai unguwa gari ya ɗauka cewa sabon haraji ne ya zo. Maƙwabcinmu ya kora awakinsa Utai wurin surukansa, wani kuma ya tura damman gero ƙarƙashin gado, kaji suka bi su har ɗaki suka tona masa asiri.

Ranar Laraba ya zo zaurenmu. Na aika da tuwo da ruwan sanyi, na raɓe a jikin zana ina saurare. Ya ce wa maigida shi ba ruwansa da haraji. Gwamnati ce take so ta san abin da ƙasa gaba ɗaya take samarwa a shekara: hatsi, gyaɗa, kifin da masunta ke kamawa a kogi, saƙa, jimar fata, har abin da mutum ya noma ya ci a gidansa bai kai kasuwa ba. Ba za a iya shiga kowane gida ba, sai a zaɓi wasu su tsaya a madadin saura, kuma namu yana ciki. Maigida ya amsa tambayoyin gona yana ragewa kaɗan-kaɗan. Sai na ji malamin ya ce, "Uwargida fa, tana da sana'a?"

"A'a," in ji maigida. "Tana dai cikin gida."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dubi hannuwana, duk sun tsattsage saboda yumɓu. Na san dalilinsa, ba mugunta ba ce. Namiji a wancan zamani ya gwammace ya kwana da yunwa da ya faɗa wa baƙo cewa matarsa ce take awo. Amma an ce gidanmu yana tsaye a madadin gidaje da yawa. Ke nan in an rubuta ba na komai, an rubuta wa maginan unguwa duka, har da uwata.

Washegari malamin ya dawo auna abin da ya rage a rumbu, kuma ranar gashi ce. Kullum ta ƙofar baya nake fitar da kaya. Ran nan na yafa mayafi na ɗauko randa na bi ta zaure, na yi sallama, na ajiye a ƙofar gida. Na koma na ɗauko tulu. Na koma. Maigida ya yi gyaran murya har makogwaronsa ya gaji, ni kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Malamin ya ajiye alƙalami ya ce, "Maigida, waɗannan fa?"

"Ɗan abin da take rage zaman banza da shi ne."

Na tsaya da kasko a hannu, ni da ban taɓa tsoma baki a maganar zaure ba. Na ce, "Malam, tuwon da ka ci jiya, randa biyu na sayar aka auno dawarsa."

Na ce a raina yau kam sai gidan ubana. Sai maigida ya dubi malamin ya ce, "Rubuta, malam. Gaskiyarta ce. Tun da rumbu ya yi ƙasa, hannunta muke ci." Ban taɓa jin ƙaunarsa kamar ranar ba.

Malamin ya shiga tambayata ina bayan zana: guda nawa nake gasawa a mako, nawa ne suke fashewa, me nake saya. Da na ga yana cire kuɗin kara da na mai jakin da ke kawo mini yumɓu, sai raina ya sake ɓaci, na ce har a takarda ma sai an rage ni? Ya yi dariya ya ce mai jaki da mai kara su ma za a rubuta nasu, in ya bar shi a nawa an ƙirga sau biyu. Abin da hannuna ya ƙara wa yumɓu shi ne nawa. Wannan kam na yarda da shi.

Na ce ya nuna mini inda ya sa ni. Ya miƙa wa maigida takardar ya kawo mini, na ga wasu ƙananan zane kamar sawun kiyashi. Takarda za ta tafi Kaduna ko Ikko, ni a bar ni da me? Na tura masa busasshen tulu da ƙusa na ce ya sake rubutawa a nan. Ya karce a kafaɗar tulun, muka gasa shi da yamma tare da sauran.

Ban sayar da shi ba, ko da yake an taya. Ban kuma san ko wani babba ya taɓa lura da tukwanena a cikin wancan lissafi na ƙasa ba. Amma bayan shekara biyu da aka buɗe ajin koyon karatu na mata a gidan mai unguwa, maigida da kansa ya sayo mini littafi da fensir. Ranar da na fara haɗa baƙi, ban tsaya cire mayafi ba, na wuce gindin tulun na durƙusa, na bi zanen da yatsa a hankali. Maigida yana tsaye a bayana, shi bai iya karatu ba, ya ce, "To, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce maginiya."