Ni da Surukata da Wanda Ya Kashe Madugu

Shekarar da aka tura mijina aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, na koma gidan iyayensa a Zuru da ɗana a goye. A lokacin wayar salula ba ta daɗe da isowa garin ba. Ran Lahadi, in an tashi daga coci, ni da surukata mukan je wajen mai sana'ar waya a ƙarƙashin laima a bakin kasuwa mu zauna jiran kiransa. Wani makon ya kira, wani makon mu dawo gida shiru.

Zaman ya ishe ni, sai na shiga ajin yamma na manya don in sake jarrabawar sakandare da na faɗi kafin aurena. A darasin Hausa malamarmu ta ba mu wani littafin bincike, labarin zamanin da Turawa suka fara shigowa. Ayarin fatake ne ɗauke da goro suka yada zango, da gari ya waye aka tarar da madugunsu a mace cikin bukkarsa. Wani dogari aka ɗora wa gano wanda ya yi kisan. Malama ta ce abu uku take so mu kawo mata: taurarin labarin da halin kowannensu, yadda aka ƙulla labarin, da jigonsa.

Ba ni da lokacin karatu sai da la'asar, muna ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. Rannan ina karantawa a hankali, leɓena na motsi, sai surukata ta ce, "Ke 'yata, in za ki yi magana ki yi da ƙarfi, kunnena ma zaman banza yake."

Na soma karanta mata. Hausarta ta kasuwa ce, don haka inda kalma ta yi nauyi sai in juya mata da yarenta, C'lela. Kafin mu ƙare babi na biyu, inda tafintan Bature ya shigo labarin, ta yanke hukunci.

"Tafintan nan ne ya kashe shi."

"Mama, ai bai yi komai ba tukuna."

"Mutumin da ke faɗa wa Bature abu ɗaya, ya juyo ya faɗa wa fatake wani? Shi ne."

Ni ƙanen madugun nake zargi, don shi zai gaji ayarin. Muka yi ta jayayya kamar mutanen littafin maƙwabtanmu ne. Tana tambayata wa ya kwana ina, wa ya fara ganin gawar, wa ya yi kuka da wa bai yi ba. In na kasa amsawa sai in koma baya in duba. Ban ankara ba, ashe aikin da malama ta ba ni nake yi. Har ta kai in na makara a rijiya, sai in tarar ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye littafin a kai tana jirana.

Da muka zo ƙarshe, daga ni har ita mun faɗi. Jagaban ayarin ne ya yi kisan, abokin madugu tun suna yara, mutumin da ya san kowace rijiya da kowane mashigin kogi a hanyar. Madugu ya yi niyyar barin tsohuwar hanya ya bi sabuwar da Turawa suka share, inda ba a bukatar jagaba.

Surukata ta ture kwaryar gyaɗa. "Mai littafin nan ya cuce mu. Ɓoyewa ya yi."

Washegari na koma farko da fensir. A babi na uku na samu wurin: jagaba ya yi maganar gorar ruwan madugu da ta fashe, alhali ba a riga an buɗe bukkar ba. Na karanta mata sau biyu. Sai ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe a gabanmu ya ajiye, muna can muna bin tafinta!"

Jigon ne ya ba ni wuya. Na ce mata cin amana zan rubuta. Ta ce e, akwai wannan, amma ita tsoro ta gani. Ta ba ni labarin lokacin da mutanensu suka sauko daga kan dutse suka zauna a fili, tana yarinya. Kakanta ya ƙi saukowa. Ya ce a can ƙasa wa zai tambaye shi wani abu? Sai da suka yi damina biyu suna hawa dutsen suna kai masa tuwo kafin ya yarda. "Jagaban nan irinsa ne," in ji ta. "Bambancin kawai, kakana bai ɗauki wuƙa ba."

Na rubuta duka biyun. Malama ta ce in tashi in karanta wa aji. Wani direban bas da ke zama a baya ya ce shi bai yarda ba, kisa kisa ne, muka kwashe sauran lokacin darasin muna muhawara, malama na gefe tana murmushi.

Sakamakon jarrabawa ya fito bayan kaka, na ci. Ran Lahadin da ta biyo baya mijina ya kira. Kafin in buɗe baki surukata ta karɓe wayar, ta faɗa masa da C'lela cewa mun ci jarrabawa, ita da ni. Ina jin dariyarsa daga inda nake tsaye. Da ta miƙo min, ya ce sun kusa dawowa, kuma in fara neman takardar shiga kwalejin horar da malamai tun yanzu, Mama za ta riƙe yaron.