Lurwanu Ɗan Garba, Wanda Makka Ta Kira Kelaman

Haihuwa da asali

An haifi Malam Lurwanu a shekara ta 1324 bayan Hijira, wato 1906 Miladiyya, a zangon mahajjata da ke Gadarif ta ƙasar Sudan. Mahaifinsa shi ne Garba, majemi mutumin Kazaure, mahaifiyarsa kuwa Hajara. Sun baro gida da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman dawa, shekara ta yi ta bin shekara. A nan Lurwanu ya sauke Alƙur'ani, ya tsinci Larabci a kasuwa. A 1928 Garba ya sami taɓin hankali, aka sa masa mari, kuma a cikin marin ya cika. Kafin ya cika, wata rana da hankalinsa ya ɗan dawo ya bar wa ɗansa wasiyya guda tak: tunda ƙafarsa ba ta taka Makka ba, to a kai sunansa can, a riƙa kiransa.

Aikin tafinta

A 1929 Lurwanu ya gangara bakin teku, ya kama aikin tafinta a wani asibitin mahajjata da Turawan Ingila ke riƙe da shi. Likitan masu taɓin hankali a wurin Bajamushe ne, masanin halayyar ɗan Adam, sunan gidansu Kellermann. Turawan Ingila suka ari sunan suna kiran hanyar maganinsa da shi, a bakin mutanenmu kuma ya koma Kelaman. Hanyar tasa ita ce a kwance mari, a kwantar da majinyaci, likita ya zauna ta bayan kansa inda ba a ganinsa, a bar bawan Allah ya yi ta amayar da abin da ke cinsa. Fuskar da majinyaci ke gani, da muryar da yake ji, duk na tafinta ne. Saboda haka waɗanda suka sami sauƙi suka haye teku suna rantsuwa cewa Kelaman baƙi ne, dogo, mai Hausar Kazaure.

Zama a Makka

Ya iso Makka a 1353 Hijiriyya, ya sauka a unguwar Tandabawi, ya tarar sunan ya riga shi. Ya yi wa mahaifinsa hajji, ya ɗauki garwa biyu da sanda ya shiga sayar da ruwa, yana gaya wa kowa cewa shi Lurwanu ɗan Garba ne. Ina! Mutanenmu idan suka laƙa wa mutum suna, ko da sabulu ba ya fita. Kafin shekara ta zagayo an fara jawo masa mutane: matar da ta binne 'ya'yanta a hanya, tsohon da ya iso Ka'aba bayan tafiyar rabin rayuwa ya kasa daina kuka. Bai taɓa cewa shi likita ba ne, bai kuma karɓi ko kwabo ba. Yakan sa a cire igiya, ya zauna ya saurara. Wasu sun warke, wasu ba su warke ba. Duk wanda ya gode masa da wannan suna sai ya ce, “Ya shaikh, Kelaman yana can ƙetare. Ka sa Garba a addu'a.” Su ce to, su fita, su manta.

Aure da 'ya'ya

A 1356 ya auri Ramlatu, 'yar wani tela na unguwar Utaibiyya. Al'adar Hijaz ce a kira mutum da sunan ɗansa na fari, don haka da aka haifa masa namiji ya raɗa masa Garba, ya ce yanzu kam dole a ce Abu Garba. An kira shi haka wata bakwai, har an ga ya yi ƙiba. Sai ƙyanda ta ɗauke yaron. Mutane, don tausayi, suka daina ambaton sunan a gabansa kada su tayar masa da miki, suka koma wa Kelaman. Allah Sarki! Ramlatu kuma ta rantse ba za a sake raɗa wa ɗanta wannan suna ba, shi ma bai matsa ba.

Shekarun yaƙi da tsufa

A 1360, ana tsakiyar yaƙin duniya, mahajjata sun yi ƙaranci, abinci ya yi tsada, sai labari ya kai ga hukuma cewa akwai Bajamushe ɓoye a Tandabawi. 'Yan sanda suka zo suka iske baƙin mutum da garwa a kafaɗa, suka yi dariyarsu suka tafi. Shi bai yi dariya ba. Daga baya ƙofarsa ta zama abin tsorata yara, ana cewa wanda bai natsu ba za a kai shi gidan Kelaman. Kafaɗa ta gaji da sanda, kunne ya gaji da baƙin cikin jama'a, amma bai taɓa mayar da wanda aka kawo masa ba. A ƙarshen rayuwarsa ya daina gyara wa kowa, idan aka kira sai ya amsa kawai.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Rajab na 1377, wato farkon 1958, bayan jinyar ciwon ƙirji. Ɗansa Ja'afaru, bisa umarnin marigayin, ya bi gida gida yana sanar da cewa Lurwanu ɗan Garba ya riga mu gidan gaskiya. Jama'a suka yi ta cewa Allah Ya jiƙansa, suna tambayar wane ne, babu wanda ya motsa. Da azahar ta matso, ba a sami ko masu ɗaukar makara ba, Ja'afaru ya tsaya a bakin masallacin unguwa ya ce, “Kelaman ne ya rasu.” Nan take aka rufe shaguna daga Tandabawi har Zahir. An sallace shi a Harami, aka binne shi a maƙabartar Mu'alla. Ya rasu ya bar matarsa Ramlatu da 'ya'ya uku: Ja'afaru Kelaman, Ummulkhairi Kelaman, da Abdulganiyyu Kelaman.