Fararen Zannuwan Dona Valdelice

A unguwar da ke manne da tudu a bayan birnin Salvador, babu wanda bai san Dona Valdelice mai wanki da guga ba. Tun tana budurwa take wanke zannuwan gadon masu gidajen bakin teku, ta shanya su a saman rufin gidanta. Mace ce gajera, baƙa wuluk, mai tsiwa, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Ɗa guda Allah Ya ba ta, Josenilton, kwandastan bas.

Wata safiya 'yan sanda suka shigo unguwar da harbi kamar yadda suka saba, harsashi ya sami Josenilton a cinya yana hanyar zuwa aiki. Ita da kanta ta durƙusa ta roƙe su su kai shi asibiti, ita ta taya su ɗaga shi cikin motarsu. Yana magana a lokacin, har ya ce mata ta tsince masa takalminsa. Da ta isa asibiti gawa ta tarar, da raunukan harsashi a ƙirji waɗanda babu su sa'ad da aka tafi da shi. Washegari rediyo ya ce an kashe ɗan fashi a musayar wuta, an kuma sami bindiga a hannunsa. Ta yi shekaru tana zarya a kotu, ba a hukunta kowa ba, sunan ɗan fashi kuma bai rabu da ɗanta ba.

Daga nan ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Duk inda aka harbi wani, sai ta ɗauki farin zani ta je ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta buɗe tafukansa kowa ya ga babu komai, ta kira mata su kewaye shi. Ba ta tashi sai masu binciken gawa sun zo. Idan da sauran rai, maza ke saka shi cikin zanin su sauka da shi matakala zuwa titi. Dokarta guda ce: ba a miƙa wa maharbi wanda ya harba.

Aminiyarta Marinalva, mai sayar da kofi a ƙofar gida, takan tsokane ta.

"Ke Valdelice, matar likitan nan da kike yi wa wanki ta san inda zaninta ya yini kuwa?"

"Ta san dai ya dawo fari tas. Ke da ko tsumma ba ki iya wankewa ba, rufe mini baki ki zubo kofi."

Marinalva ma ɗa guda gare ta, Ubiratã, wanda ake kira Bira, mai gyaran famfo. Valdelice ce ta riƙe shi ranar baftismarsa, shi ya sa yake ce mata Inna.

Ranar wata Asabar da hantsi, Bira ya fito da bututun ƙarfe a kafaɗa za shi wajen aiki. Ɗan sandan da ke kan kwana ya hango baƙin saurayi da dogon abu, bai yi tambaya ba, ya harbe shi a ciki. Kafin Valdelice ta iso da zaninta, sajan 'yan sandan ya riga ya buɗe bayan motarsu.

"Baba, matsa," in ji shi. "Asibiti za mu kai shi."

"Ni ba Babarka ba ce, Yallaɓai. Na san asibitinku."

Marinalva ta cafke hannunta tana kuka. "Valdelice, don Allah, yana numfashi! Ga mota a buɗe!"

"Nawa ma yana numfashi, 'yar'uwa, har magana yake yi." Ta kwanta a kan Bira, ta ɗaga tafukansa sama. "Jama'a, ku duba! Me ke hannunsa?"

"Babu komai!" in ji matan, suna matsowa, wasu suna ɗauka da wayoyinsu.

Sajan ya dubi taron, ya ja tsaki, ya rufe motarsa. Maza suka saka Bira cikin zanin suka fara sauka, matakala kuwa tana da tsawo, kuma sai da aka nemo mai gidan burodi ya tada motarsa. A cikin motar Bira ya buɗe ido, kansa a kan cinyar Valdelice, ya ce, "Inna, ƙishirwa." Bai ƙara cewa komai ba. A asibiti likita ya ce da an kawo shi da wuri, wataƙila da an yi wani abu. A kunnen Marinalva ya faɗa.

Matan da aka bari a baya sun tsare bututun da kwanson harsashin har masu bincike suka zo. Ba a sami bindigar da za a jingina wa Bira ba. Rediyo ya kira shi mai gyaran famfo, aka kuma gurfanar da wanda ya harbe shi, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba.

A ƙofar kotu Valdelice ta matsa kusa da aminiyarta. Marinalva ba ta dube ta ba.

"Kin wanke sunansa, na gani," ta ce. "Ni ɗana nake so, ko da ɓarawo za su kira shi."

Valdelice ta so ta ce mata ba a dawowa daga cikin motar 'yan sanda, amma ba ta iya ba, domin ita kanta ba ta da tabbaci. Wataƙila da sun kai shi asibitin da ransa. Ba wanda zai taɓa gaya mata.

Marinalva ta daina sayar da kofi, tagarta kuma kullum a rufe take. Valdelice ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi matakala. Amma har yau idan ta ji harbi, takan sauke zani daga igiya, ta tsaya a bakin ƙofa fiye da yadda take tsayawa a da, sa'an nan ta bi ta gaban rufaffiyar tagar ta sauka.