Turken da aka kafa a gonar Na'iya

Na'iya maginin rijiya ne, a wani ƙauye da ke kudu da Kebbe. A hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar, ya kuma yi shekara talatin yana shiga cikin ƙasa da igiya a ƙugu. Idan ya damƙi ƙasar wuri ya murza, yakan faɗi gaba nawa za a yi kafin a tarar da ruwa, kuma da wuya ya kuskure. Wata shekara bakin wata rijiya ya rufto masa, ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Kafin ya warke, motocin haƙa burtsatse sun shigo yankin, aka daina nemansa. Sai ya koma gonarsa ta gero, shi da matarsa Rabi'atu, yana ɗingishi a tsakanin kunyoyi.

Yana da shekara sittin da ɗaya Dakta Hamdiyya ta zo garin. Haifaffiyar Tambuwal ce, tana koyarwa a wata jami'a. Ta gaya wa maigari tana neman wuri mai ƙasa ƙwaƙƙwara da ba ta zaizayewa, za ta kafa na'ura. Maigari ya ce a kira Na'iya.

Na'iya ya kai ta gefen gonarsa, ya buga sanda. "Nan, Dakta. Kamu ukku za ki ishe marmara. Ko giwa ta taka wurin ga, ba shi motsi."

Aka haƙa, aka samu marmarar daidai inda ya ce. Aka zuba siminti, aka tayar da turke mai tsawon mutum, aka ɗaura masa wani farin abu kamar kifaffen akushi. Gefe ga faifan sola da akwatin batir.

"Mi abin ga ka yi, ɗiyata?" ya tambaye ta.

"Saurare yake, Baba. Taurarin ɗan'adam suna aiko saƙo daga sama dare da rana. In iska ta ɗauki danshi, saƙon yakan ɗan makara kafin ya iso. Daga wannan makarar muke gane yawan ruwan da ke sama. Kuma in ƙasar da turken ke kai ta motsa, ko da kaurin farce ne, za mu sani."

Ta ce guda goma sha huɗu za su kafa, daga Tambuwal zuwa Jabo har kudancin Kebbe. Ɗaya shi kaɗai ba ya faɗin abin kirki, sai sun yi yawa sun kusanci juna kamar idon raga. In an tara bayanin shekara uku ko huɗu, suna fatan su riƙa sanar da manoma ta waya ko ruwan farko na shuka ne ko na yaudara.

Wannan maganar ce ta shiga ran Na'iya, don sau da yawa ya ga iri ya ƙone a ƙasa. Ya karɓi aikin gadi. Kullum bayan ya dawo masallaci da safe zai goge faifan sola da tsumma, ya leƙa ko koriyar fitila tana ci. Ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Kowace Juma'a ya kira Dakta ya ce lafiya lau. A majalisa ya riƙa gaya wa mutane su yi haƙuri, lokaci na zuwa da ba za a sake asarar iri ba. Wasu suka yi dariya, amma da yawa sun yarda, saboda ba a san shi da zancen banza ba.

Shekara biyu komai na tafiya. Daga nan hanyoyin daji suka lalace. Ƙauyuka uku da ke da turaku suka watse saboda 'yan bindiga. A wani wurin aka kwance sola aka tafi da ita. A wani wurin kuma batir ya mutu, ba mai iya zuwa ya canza. Dakta ta daina zuwa, sai dai waya. Goma sha huɗu suka koma tara, suka koma biyar.

A shekara ta huɗu aka yi ruwa mai ƙarfi da wuri. Da safe dattawa suka cika ƙofar gidan Na'iya. Ya kira Dakta a gabansu, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Dakta, ga jama'a sun taru. Mu shibka ko mu dakata?"

Ta ce, "Baba, ba zan iya faɗa ba. Biyu kawai suka rage masu aiki, naka da na Jabo. In na faɗa, ƙarya na yi muku."

Mutanen suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya shuka, har da Na'iya. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida, geron ya bushe bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Aka sake shuka da ragowar iri, damina ta tsaya kafin ya nuna. Ba wanda ya zage shi. Sai dai an daina tambayarsa komai, kuma in ya zo majalisa zancen ruwa yakan mutu. Rabi'atu ta ce, "Malam, ka bar wahal da ƙafarka." Bai bari ba, ya ci gaba da goge solar wata goma sha ɗaya.

Ranar da Dakta ta dawo, bisa babur ta zo, da mutum biyu da sifana. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce an rufe aikin, an umarce ta ta kwaso abin da ya rage. Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa wani layi mai hawa da sauka.

"Naka ne, Baba. Shekara biyar, ko kwana ɗaya bai tsinke ba. Ka ga, da rani ƙasa tana ɗan sauka, da damina ta ɗago. Amma kowace shekara ba ta komawa inda take. Alama ce ruwan ƙarƙashin ƙasa yana raguwa."

"Wanga na san shi tun ban karye ba," in ji Na'iya. "Inda babana ka samun ruwa gaba goma sha biyu, ni sai na kai ashirin. Mine ne maganin?"

"Zan rubuta, in kai inda ya dace."

"Wa za ya karanta?"

Ta rufe kwamfutar. Mutanenta suka kwance farin abin, suka naɗe wayoyi, suka ɗaure sola a bayan babur. Na'iya da kansa ya janye musu ƙayar suka wuce.

Kafin azumin da ya wuce aka kai hari ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Surukinsa ya zo ya kwashe su zuwa Tambuwal, aka ba su ɗaki ɗaya a gidan 'yarsu Nasiha. Yanzu Na'iya yana wuni a zaure, ƙafar tana kumbura in ya daɗe zaune. Nasiha ta ce ba ya cin abinci sosai, kuma in hadari ya taso yakan nemi a sakaya masa ƙofa. Bana ce damina ta farko da bai saka ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba.