Dalar Shinkafar da Ta Tsiro a Filin Taro

Taubashina ne ya lalata mini shinkafar noman rani kaf, da rana tsaka, kuma ko tsufa ya sa na manta sunayen 'ya'yana, wannan ba zan manta ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe muna haɗuwa a wurin jana'iza.

Ni manomi ne, gonata tana bakin kanal na ban ruwa tsakanin Mafara da Bakura. A firamare na tsaya. Shi kuwa ya yi boko har ya ƙoshi, aka ba shi muƙamin mai ba da shawara kan kasuwanci, muƙamin da ban taɓa ganin ofishinsa ba sai motarsa.

A lokacin an rufe boda, an ce kowa ya ci shinkafar gida. Ya zo majalisarmu ya yi mana lacca kan wata 'yar ƙaramar ƙasa maƙwabciyarmu. Ya ce mutanenta ba su noma abin kirki, jiragen ruwa ke sauke musu shinkafar waje, su kuma su turo mana ta daji a kan babura, da haka suke rayuwa. "Yanzu an toshe musu hanya," in ji shi, "tilas su zo su sai tamu. Duk wanda ya noma shinkafa bana ya haye." Na koma gida na kai shanun huɗata kasuwa, na zuba kuɗin a taki da man inji.

Allah kuwa ya ba da. Na cashe, na shanya, na ɗura a sababbin buhuna. Ina shirin kai ta kasuwar Talata sai ga motarsa a ƙofar gida. Wai wakilan ƙasar nan za su zo sa hannu a yarjejeniyar ciniki, ana so a gina musu dalar shinkafa su gani su tsorata. In ba da aron buhunana na 'yan kwanaki.

Na ce, "Taubashi, ka ko duba gabas? Hadari fa ya fara haɗowa."

Ya yi dariya. "Kai dai baƙauye ne tun muna yara. Ana zancen cinikin ƙasa da ƙasa, kai kana zancen hadari."

Kunya ta sa na ba shi. Na je filin na ga yadda ake gina arzikin ƙasa: katako a ciki, buhunan buntu a tsakiya, nawa a waje saboda su ne masu kyan gani. Na ce a rufa tamfol, aka ce zai ɓata hoto.

Baƙi ba su zo ba. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Da na tambayi dalili sai aka ce ai boda a rufe take, an hana su wucewa. Wato mu muka kulle ƙofa, kuma mu ne zaune a tsakar gida muna jiran su shigo. Na ɗauko amalanke zan kwashe kayana, 'yan banga suka tare ni, wai dalar ta zama kayan hukuma.

Ruwa ya sauko da la'asar ina tsaye ina kallo. Ya sake saukowa. Kafin baƙin su samu takardar wucewa, shinkafata ta fasa buhu ta tsiro, dala ta koma kore shar, ƙasanta yana tashin tsami.

Ranar taron an yi kiɗa, an yi maraba. Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai farin gilashi, ya nuna dalar ya yi tambaya ta bakin tafinta. Taubashina ko gezau. Ya ce, "Albarkar ƙasarmu ke nan, ranka ya daɗe. Shinkafarmu ko a buhu ba ta haƙuri." Aka tafa. Wallahi aka tafa.

Sai aka kawo abinci: shinkafa fara, doguwa, babu tsakuwa ko ɗaya. Ƙanwar matata tana cikin masu girki, ta ja ni bayan rumfa ta nuna mini buhunan da aka zazzage. 'Yar waje ce, ta kan babura. Mutanen da aka hana ƙetarowa, shinkafarsu ta riga su isowa. Dattijon ya ci, ya yi murmushi irin na wanda ya gamu da ɗan garinsu a tasha. Suka sa hannu suka tafi. Ba a daɗe ba aka buɗe boda, yarjejeniyar kuma ban sake jin labarinta ba.

Daminar nan da fartanya na yi ta, ba shanu, ba iri. Tun daga lokacin na san cewa manufar gwamnati in ta gaza, ba a kan mai jawabi take faɗuwa ba, a kan mai buhu ne.

Ranar sunan ɗan taubashin nawa na ɗora ɗaya daga cikin buhunan da aka mayar mini bayan taro a kan babur, koren nan ya yi tsawon hannu, na dire masa a gaban manyan baƙinsa. Ya ce, "Haba taubashi, mi ya yi zahi?"

Na ce, "Gudummawata ce. Ka ce ko a buhu ba ta haƙuri, to ga ta, a dafa wa mai jego. In kuma ba ta ciyuwa, a aika wa waɗancan mutane su ba ka tasu, tun da kai ma ita kake ci. Amma daga yau in za ka sake gina ƙasa, ka gina ta da buhun gidanku."