Sassarfa ta Gagari Yayana

A gidanmu na Illo hawan jini gado ne, kamar gonar fadama. Shi ya ɗauki mahaifinmu yana zaune a kan buzunsa, shi ya kwantar da gwaggonmu. Shi ya sa ranar da ni da yayana muka je asibiti a Bagudo aka ɗaura mana abin awo a damtse, ban yi mamakin abin da likita ya faɗa ba. Ya rubuta mana magani, ya ce mu rage gishiri, mu riƙa motsa jiki da safe. Abu guda ya ja mana kunne a kai: sassarfa yake nufi, ba tsere ba, irin wadda mutum zai yi yana hira da na kusa da shi. In haki ya hana ka magana, to ka wuce gona da iri. Ni na gyaɗa kai, Yaya kuwa dariya ya yi.

Sai na faɗi ko wane ne yayana kafin a gane dariyar nan. A zamaninsu na makaranta babu wanda ya san shi a filin tsere sai ta ƙeya. An kai shi gasa har Birnin Kebbi, ƙafa ba takalmi, ya dawo ana ɗaga shi sama. Daga baya ya shiga fataucin albasa da shinkafa tsakanin nan da ƙetare, zaman rumfa ya kama shi, tumbi ya fito. Amma har lokacin tsofaffin gari da kirarin gudu suke gaishe shi. Ni tela ne, ƙafata ba ta san komai ba sai taka keke.

To, a wurinmu magidanci ba ya gudu haka kawai. In ka ga mai furfura a guje, ko gobara ce, ko ɓarawo, ko saniya ta tsinke. Safiyar da na fara sassarfa bayan asuba, wata maƙwabciyarmu ta leƙo tana salati, tana tambaya wa ya rasu. Wani kuma ya ce ko kayan fasa-ƙwauri na yar a baya. Ga gaisuwa: ba ka isa ka wuce dattijo a bakin masallaci ba, sai ka tsaya ka rage tsawo, an kwana lafiya, ya iyali, ya gajiya. Abin ya riƙa ba ni haushi ƙwarai. Amma a hankali gari ya saba da ni, ciwon kan da nake tashi da shi ya tafi, barci ya dawo, da na koma awo likita ya ce in ci gaba a haka.

Yaya ya bi ni na 'yan kwanaki, yana tafe yana tsaki, don ƙafata ta yi masa nauyi. Rannan muka gifta teburin mai shayi, wani sa'ansa ya ɗaga murya cikin wasa ya ce ashe tsufa na kama barewa. Aka kwashe da dariya. Na ga yadda fuskar Yaya ta canza, na san maganar ta shige shi.

Washegari bai zo ƙofata ba. Na ji labari ya koma bin wata siririyar hanya da ta ratsa gonakin shinkafa ta nufi iyakar Benin, inda sai ka yi nisa ba ka haɗu da kowa ba. Na same shi a rumfa, na yi masa magana yadda ƙane ke yi wa wa, da ladabi, har ladabin ya ƙare mini.

Ya ce, “Kai da ba ka taɓa cin tsere ba, mi ka sani game da gudu? Abin da kake yi rausaya ce.”

Na ce, “Yaya, ni ba yabo nake nema ba. So nake in tsufa a kan ƙafafuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.”

Ya juya ya ci gaba da ɗaure buhun albasa. Na tafi raina a ɓace, na tabbata can daji yake zuwa yana sheƙa gudu irin na da.

Wata rana da hantsi aka zo shagona aka kira ni. An kawo shi a kan babur, wani Bafulatani makiyayi na tallafe da shi ta baya, bakinsa ya karkace, hannun dama na lilo. Muka wuce Bagudo. Likita ya ce ɓarin jikinsa ne ya shanye, rai dai yana nan.

Makiyayin bai tafi ba sai da aka kwantar da shi. A gindin bishiyar asibitin ya ba ni labarin da har yau yake ci mini rai. Ya ce ya daɗe yana hangen Yaya daga cikin shanu. In yana jin shi kaɗai ne, sannu sannu yake tafiya, har ya tsaya ya riƙe ƙugu ya huta. Amma da ya hango mutum, ko manomi ko mai tallar nono, sai ya miƙe wuya ya zuba da gudu har sai ya ɓace masa. Safiyar nan makiyayin ya fito kan hanya don ya gaishe shi, ya ɗaga hannu. Yaya na ganinsa ya saki ƙafa, ya wuce shi kamar iska, bai yi nisa ba ya kife a bakin gonar shinkafa. Bawan Allah yana faɗa yana neman gafara, na ce masa ba shi da laifi ko kaɗan.

Ashe Yaya ya ji maganar likita. Kunyar a gan shi yana bin ta ce ta kai shi daji. Na zauna a wurin na yi kuka, ban damu da masu wucewa ba.

Har yau ba ya tashi sai da sanda da kafaɗar mutum. Magana ma ta daɗe kafin ta dawo, kalma ɗaya ɗaya. Wata la'asar ina ba shi kunu, ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshensa. Na sunkuya, na zaci wasiyya ce ko zancen yara.

Ya ce, “Bafulatanin nan... ya ga guduna?”

Wallahi kamar in ajiye kofin in fita. Na dubi ƙafar da ke yashe a ƙarƙashin mayafi.

Na ce, “Ya gani, Yaya. Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.”

Gefen bakinsa da ke motsi ya yi murmushi. Ya saki hannuna, na ci gaba da ba shi kunun.