Ƙararrawar Garin Maƙwabciyata

Shekarun baya, a tsakiyar kullen korona, muna zaune a ƙasar waje, a wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, maigidana yana fama da karatunsa, ni ina fama da yara. Barandarmu a manne take da ta wata Baturiya 'yar ƙasar Suwizalan. Da can gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai kulle ya mayar da mu ƙawaye ƙarfi da yaji.

Ranar da ta nuna min garinsu a waya, wallahi na ɗauka hoton kalanda ne. Duwatsu ne har cikin gajimare, kawunansu fari fat da ƙanƙara, garin kuma yana kwance cikin kwari: gidajen katako a warwatse, rafi, gada ɗaya, sai tsohon coci mai doguwar hasumiya. Na tambaye ta yawan mutanen garin, ta ce mazauna benenmu sun fi su, shanu ma sun fi su.

Ni da na tashi a Fagge, dariya ta kama ni. Na ce, "Wannan ai ruga ce!" Maigidana ya leƙo ya ce, "Ke dai bakin nan naki, small small lah, a hankali mana."

Ana haka mahaifinta ya kwanta ciwo, ga hanya a rufe. Ranar da ya cika, na tarar da ita a baranda idanu sun kumbura. Ta ce, "Ya tsufa, na san za a zo nan. Amma an hana taro. Mutumin da ya gyara rufin kusan kowane gida a garin, shi za a kai rami ba kowa?" Ai mu ma mun san darajar jama'a a bayan makara.

Ranar binnewa, bayan la'asar ɗinmu, su can hantsi ne, ƙanenta ya kira ta bidiyo daga garin ya ɗaga waya sama. Ta miƙo wayarta ta kan shingen baranda muka kalla tare. Sai ƙararrawar cocin ta tashi. Ta ce a garinsu idan namiji ne babbar ƙararrawa ake fara kaɗawa, kowa ya san ta wa ce. Ƙarar ta bugi dutse ta dawo, sai ƙofofi suka fara buɗewa. Daga bakin gada har gidan ƙarshe can saman gangare, kowa ya fito ya tsaya a ƙofarsa, hula a hannu. Wani mai tarakta ya kashe inji a tsakiyar gona. 

Tana kuka tana faɗa min su ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Babu wanda ya rage."

Har yau idan na tuna, mamaki nake. Na saba auna jana'iza da tsawon sahu. Ban taɓa ganin wadda gari kaf ya halarta ba, sai a rugar da na yi wa dariya.